Ranar da Saminu Mai Tsire Ya Yi Barci a Teku

Na fara ganin Saminu ɗan Malam Bakri ranar Laraba, uku ga Rabi'ul Auwal na shekarar 1431, bayan sallar Azahar, kuma barci na tarar yana yi. A makon ne na tare a wani ɗan gidan haya a unguwar Harra ta Gabas, cikin birnin Madina, bayan na sami aikin akawu a wani kamfani da ke shirya wa alhazai masauki a unguwar Sultana. Wani abokin aikina ya ce in kewar gida ta dame ni, in bi lungun da ke bayan masallacin unguwa, hancina zai ƙarasa da ni. Ya kuwa ƙarasa da ni, don ƙamshin ƙuli-ƙuli da citta ya riga ya kama bangon lungun. Sai dai murhu a rufe yake, mai shagon kuma yana miƙe a kan benci, ya lulluɓe fuska da rawaninsa. Na yi sallama. Wani tela da ke maƙwabtaka da shi ya leƙo, ya ɗora yatsa a baki, ya turo mini kujera da ƙafa. Ya ce ko wane ne ni, sai na jira La'asar.

Na jira. Ladan yana buɗe baki, mutumin ya yaye rawani ya tashi zaune, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Baƙo, Kano ko Zazzau?" Na ce Kano, sunana Shittu. Ya ce to in gyara zama, na zo gida. Tun daga ranar na zama ɗan benci. Abin da zan faɗa a nan, wani da idona na gani, wani shi ya ba ni da bakinsa.

A Madina aka haifi Saminu, bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Ubansa, Malam Bakri, ya baro wani ƙauye kusa da Haɗeja yana saurayi, da ƙafa, yana tafiya yana yada zango. In guzuri ya ƙare sai ya yi ƙodago a gonar wani, in ya samu ya ƙara gaba. A Sudan ya daɗe yana noman auduga, a can ya auri Zenabu, wadda ita ma iyayenta hanyar Makka ce ta ajiye su. Daga Sawakin suka haye teku a wani jirgin katako da ruwa ke shiga ta ƙasa, maza suna kwalfewa da ƙwarya, mata suna salati. Bayan sun sauke farali suka zo ziyara Madina, Malam Bakri ya ajiye sandarsa ya ce tafiya ta ƙare. Ya kafa murhun tsire, wanda Larabawan nan ke kira siriya, ya rayu a kansa. Shi da Zenabu duka suna kwance a Baƙi'a, maƙabartar da ke jikin Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Saminu ya gaji murhun, ya gaji gwangwanin yajin, ya gaji Hausar uban, tsohuwa, irin wadda ko a Haɗeja yanzu sai a bakin tsofaffi, ya yayyafa mata Larabcin Hijaz kamar yadda yake yayyafa wa nama yaji. Ya kuma gaji wata magana guda. Tsofaffin Madina da yawa burinsu ajali ya same su a cikinta, a kai su Baƙi'a. Malam Bakri kuwa ya mai da burin doka. Yakan ce wa ɗansa barci ƙanin mutuwa ne, in ƙanin ya same ka a waje, wan yana iya biyo sawunsa. Saboda haka Saminu ba ya runtsa ido a wajen Madina, dare ko rana. Makka kaɗai ya cire, ita ma don Harami ce.

Abin dariyar shi ne, a duk Harra ta Gabas babu wanda ya kai shi iya barci. Sana'ar ce ta koya masa. Da safe yana mahauta, da hantsi yana yanka yana jerawa a tsinke, da yamma yana gaban wuta. Tsakanin Azahar da La'asar kaɗai ke nasa, jikinsa kuma ya san haka. Yana sallamewa daga sallah, idonsa zai fara nauyi, ko da kuwa ana gobara. Don haka in ta kama dole ya fita gari, kamar ɗaurin aure a Jidda, yaƙi yake shiryawa. Zai cika aljihu da goro, ya zauna gaban mota ido zuru, ya je ya ci shinkafa a tsaye ya juyo. Da zarar mota ta wuce alamar iyakar Harami, sai kansa ya faɗa kan kafaɗar direba.

Matarsa Ƙaltume ta yi shekara arba'in tana wa wannan doka tsiya, ba ta kuma taɓa karya ta ba. Takan ce an ba ta miji ne haɗe da turke. Ɗansu Fahad ya saba. Wadda abin ya taɓa ita ce Hanan, autarsu, wadda tun tana ƙarama take zama gefensa tana miƙa masa tsinke. Hanan ta auri wani yaro Haisam, jikan Hausawan Yanbu, mai hankali, mai ladabi, wanda Saminu da kansa ya ce bai ga aibinsa ba sai guda: mutumin ruwa ne. Haisam matuƙi ne a wani jirgin shaƙatawa da ke kai baƙi yawo tsakanin tsibiran Umluj, garin da ke bakin teku can arewa da Yanbu. Tafiyar da nisa, ba irin wadda tsoho zai je ya dawo yana taunar goro ba ce. Aka kai amarya, bai je ba. Aka haifi 'ya, aka sa mata sunan mahaifiyarsa Zenabu, ana kiranta Sundus don sakaya sunan, sai Madina aka kawo ta ya gani. Shi kuwa ba ya kiranta da komai sai Inna. In suka zo hutu, ita ke zaɓar tsokar da take so a kan murhu, ba kuma mai ce mata kul a gabansa.

Hanan ba ta taɓa yi masa ƙorafi ba. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa kamar sauran 'ya'yan zamaninta, kuma duk ƙarshen waya abu ɗaya take faɗa, cewa gidanta yana nan in ya tashi zuwa. Shi kuma ya ce in sha Allahu, ya miƙa wa uwarta wayar, ya koma yana fifita wutar da ba ta bukatar fifita. Har Sundus ta shekara uku bai san launin ƙofar gidan 'yarsa ba.

Cikin Jumada Ula na 1445, zafi ya lafa, Haisam ya zo Madina da kansa ya durƙusa a gaban benci. Ya ce mai jirgin ya ba shi yini guda ya fita da iyalinsa. In aka tashi bayan Asuba, a sha iskar teku, a ci abinci a tsibiri, a juyo da yamma, kafin lokacin kwanciya an shigo Madina. Saminu ya ci gaba da juya nama. Daga cikin gida Ƙaltume ta ɗaga murya ta ce ita dai za ta je, in wani yana so ya zauna gadin benci, Allah ya ba da lada. Ya ce zai je, amma da sharaɗi biyu: a dawo da shi a ranar, kuma Malam Shittu ya bi su, don shi ba ya gajiya da tambaya, zai hana mutum gyangyaɗi. Haka na sami kujera a motar.

Muka tashi ranar Asabar, Fahad ke tuƙi. Saminu yana gaba, ya rungume fulas ɗin shayi mai na'ana'ar Madina, goro a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, gwangwanin yaji a tsakanin ƙafafunsa. Da muka wuce iyakar Harami ya waiwaya ya daɗe yana kallon baya, bakinsa yana motsi. Fahad ya yi ta cika baki a hanya, wai shi ya sha shiga jirgi a Jidda, in Baba ya ji jiri ya riƙe shi. Bayan Yanbu hanya ta karkata, teku ta buɗe a hagunmu, shuɗiya, ba iyaka. Saminu ya daina tauna. Can ya ce, a hankali, "Wannan duka Baba ya haye?"

A bakin tashar jiragen Hanan na tsaye riƙe da hannun Sundus. Ta sumbaci kan ubanta, ta ƙi sakin hannunsa. Jirgin fari ne fat, dogo, da wani ginshiƙi a tsakiya da ya fi dabino tsawo. Haisam ya roƙi kowa ya cire takalmi kafin ya hau, abin da ya burge Saminu, ya ce jirgin da ake shiga ba takalmi ai ya san ladabi. Aka ɗaura masa rigar kariya mai ruwan lemo a kan farar jallabiyarsa, Ƙaltume ta ce ya yi kama da gwanda da aka yanka. Haisam ya zagaya da shi ƙasa ya nuna masa ɗan kicin da ɗan banɗaki, sannan ya buɗe wata ƙofa, sai ga gado a shimfiɗe da matasai masu laushi. Saminu ya ja da baya kamar ya ga kumurci, ya ce a rufe, ya hau sama da sauri.

Da inji aka fita daga tasha. Da aka yi nisa da gari, Haisam ya kashe shi, duniya ta yi tsit. Saminu ya damƙi ƙarfen gefe.

"Ya waladi, ɗana, mai ne ya ƙare?"

"A'a, Ammi," in ji Haisam, wato Baffa da Larabci. "Yanzu za a fara tafiyar."

Ya ja igiya, wani babban farin ƙyalle ya hau ginshiƙin yana kaɗawa. Shira'i suke ce masa. Iska ta cika shi, jirgin ya ɗan kwanta gefe guda, ya fara tsaga ruwa ba ƙara ba hayaƙi, sai wani ɗan sauti kamar ana zuba ruwa a randa. Saminu ya ɗaga kai yana kallo har rawaninsa ya zame. Ya ce shekara hamsin yana kiran iska da mafici don ta tayar masa da gawayi, bai san tana da ƙarfin ɗaukar gida guda da mutanensa ba. Haisam ya matsa, ya ɗora hannun surukinsa a kan sitiyari. Tsohon ya riƙe shi da hannu biyu, ya ƙame, yana dariyar da ban taɓa ji daga gare shi ba. A daidai lokacin Fahad, gwanin jirgin Jidda, ya kifa kai a gefe yana mayar wa teku karin kumallonsa. Uban ya leƙa ya ce, "In ka ji jiri ka riƙe ni."

Hantsin ya tafi cikin daɗi. Ruwan ya sauya daga shuɗi zuwa kore mai haske, har ana ganin duwatsun murjani a ƙasa da ƙananan kifaye masu zane suna shiga suna fita. Tsibiran suna nan birjik, wasu tudun yashi ne kawai da tsuntsaye, wasu da 'yan ciyayi, can nesa kuma wani babba mai duwatsu. Wasu manyan halittun ruwa da mutanen wurin ke kira abu-salama suka biyo gaban jirgin suna tsalle, Sundus tana ihu tana tafi, kakanta yana riƙe da bayan rigarta yana cewa Inna ta yi a hankali. Hanan ta zauna kusa da shi tana nuna masa komai da yatsa, ta nan rana ke faɗuwa, can bayan wancan farin ginin gidansu yake. Ya dubi inda ta nuna, ya ce masha Allahu, ya ɓare goro.

Haisam ya jefa ƙugiya ya kamo kifaye uku jajaye. Aka tsaya a gefen wani ƙaramin tsibiri, aka saki anka, ƙarfen da ke riƙe jirgi wuri ɗaya. A bayan jirgin akwai ɗan murhu na gas. Saminu ya raina shi da farko, ya ce wutar da ba ta toka ba wuta ba ce, amma ya naɗe hannun riga. Ya tsaga kifin, ya shafe shi da mai, ya buɗe gwangwanin Malam Bakri. Ƙamshin lungun Harra ta Gabas ya tashi a tsakiyar teku, har Fahad ya ɗago kai. Kafin a ci muka sauka cikin ruwa iya gwiwa muka taka zuwa yashi. Saminu ya yi alwala da ruwan tekun, ya kurkure baki ya tofar, ya ce Baba ya yi gaskiya, ruwan nan ba a yi shi don ɗan Adam ba. Ya ja mu sallah a kan farin yashi, tsuntsaye suna tsaye gefe kamar masu jiran sahu. Sannan muka koma muka zauna wa kifin da shinkafar da Hanan ta dafo tun daga gida. Ya ci, ya ƙara, ya suɗe yatsa.

Ya san abin da ke tafe. Azahar ta wuce, ciki ya cika, wannan ne lokacin benci. Tun a Madina ya shirya dabararsa: ba zai zauna ba har La'asar. Da aka ɗaga anka aka juya akalar jirgin ta bayan tsibiran, sai ya miƙe ya kama igiya ya tsaya, yana buɗe ido da ƙarfi kamar mai gadi.

Sundus ce ta ɓata shirin. Rana da gudu a yashi sun gajiyar da ita, ta fara rigima. Uwarta ta ɗauke ta, ta zame. Kakarta ta miƙa hannu, ta maƙe kafaɗa. Ta tako ta rungume ƙafar Saminu tana kuka. Ya ce subhanallahi, wa ya taɓa Inna. Ya zauna a kan kujerar gefe, a inuwar shira'i, wai ya rarrashe ta ya miƙe. Ta hau cinyarsa, ta kwantar da kai a kan rigar kariyar, ta damƙe gemunsa da hannu ɗaya, kafin a ce haka ta yi barci.

Daga baya ya ce mini a nan ya gane an kama shi. Da wani jikan ne, da ya miƙa wa uwarsa. Amma wannan sunan Zenabu gare ta. A gidan Malam Bakri ko tari ba a yi in Inna tana hutawa, balle a ɗaga ta daga inda ta kwanta. Ya dubi fulas da goro, suna can ɗaya gefen. Ya yi mini alama da gira. Na miƙa hannu, Ƙaltume ta riga ni. Ta jijjiga fulas ɗin ta ce shayin ya huce, bari ta ɗumama, ta haɗa da tsumman goron ta sauka ƙasa.

"Malam Shittu," ya ce da raɗa, "tambaye ni wani abu."

Na tambaye shi abin da Malam Bakri ke sawa a yajinsa, abin da ya ƙi gaya mini tun ranar da muka haɗu. Ya ce ai ba wani sirri ba ne. Ƙuli-ƙuli, amma na gyaɗar Sudan. Citta. Kanumfari kaɗan. Masoro. Jirgin yana lilo a hankali, iska mai sanyi tana shafar wuyansa, numfashin yarinyar yana hawa yana sauka a ƙirjinsa. Ya ce kimba. Daga kimba ban ƙara jin komai ba.

Ƙaltume ta hau ba shayi a hannunta. Ta dubi mijinta, ta cire mayafinta na sama ta rataya ta inda rana ke leƙowa, ta zauna. Hanan ta rufe baki da hannu, idonta ya cika. Iska ta ragu, jirgin yana tafiya kamar mai jan ƙafa. Haisam ya dubi rana, ya ce da surukarsa a hankali in ana son isa da wuri sai an tada inji. Ta ce, "Taɓa injin nan, ya waladi, ka ga yadda ni da kai za mu ƙare." Ya janye hannunsa. Haka muka ratsa tsakanin tsibirai uku ko huɗu, ba abin da ake ji sai ruwa da minsharin Saminu.

Lokacin La'asar yana yi ya farka, kamar kullum. Sai dai bai ji ladan ba. Ya buɗe ido ya ga farin ƙyalle shimfiɗe a samansa, ya ji ana lilo da shi a hankali, dama da hagu, irin lilon da kafaɗun mutane ke yi. Ya ce a ransa shi ke nan, ta faru, likkafani ne wannan, a makara yake. Ya yi kalmar shahada a fili. Sannan ya ce, da wata siririyar murya, "Jama'a, Baƙi'a za ku kai ni?"

Sundus, wadda ta riga shi farkawa, ta cusa masa yatsa a hanci.

Fahad ne ya fara fashewa, duk da jirinsa, sauran muka bi. Saminu bai yi dariya ba. Ya tashi zaune, ya dubi ruwa ta kowane gefe, ya dubi mayafin da aka rataya, ya dubi matarsa. Ya ce, "Ummu Fahad, da saninki."

"Da sanina, Abu Fahad."

"Kin san abin da Baba ya ce."

"Na sani. Na kuma san shekarun da Baba ya yi a hanya. Ya yi barci a daji, ya yi a gonar auduga, ya yi a cikin jirgin da ke yoyo. Yanzu yana ina? Ƙasar da za ta karɓi mutum ita ke kiransa, ba goro ke kai shi ba."

Saminu ya shafa ƙirjinsa, ya motsa yatsun ƙafarsa ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba ko an rage wani abu. Ya ce mini daga baya abin da ya fi ba shi haushi shi ne bai taɓa yin barci mai daɗin wannan ba. Muka yi La'asar a kan jirgin, kowa yana dafe da abin da ya samu. Haisam ya tada inji, gari ya fara matsowa, rana ta yi ja a bayanmu. Har muka shiga tasha Hanan ba ta kalli ubanta ba, tana ta naɗe kwanuka tana warwarewa.

A bakin tasha Fahad ya kawo mota ya buɗe ƙofar gaba. Saminu ya sa takalmansa, ya karɓi gwangwaninsa, ya tsaya. Hanan ta matso. Ta buɗe baki da Larabci, ta fasa. Sai ta ce da Hausa, tana ɗaukar kalmomin ɗaya-ɗaya kamar mai taka duwatsu a rafi, "Baba, ka kwana. Akwai ɗakinka. Tun da na zo yake nan."

Ƙaltume ta ce gaskiya ne, ko ita ba a bari ta kwana a ciki, duk mako ana share shi ana sauya zanen gado.

Saminu ya dubi ƙofar motar, ya dubi hanyar da ta nufi kudu. Sundus ta kama ɗan yatsansa tana ja ta wajen gari. Ya gyara murya, ya juya ga ɗansa ya ce, "Kai dubi fuskarka, kamar an wanke tsumma. Wa zai ba ka ransa a hanya yau? Rufe motar nan." Ya ɗan sunkuya wajen yarinyar. "Shi ke nan, Inna, na ji. Daina ja, ina zuwa."

Ƙofar gidan shuɗiya ce. Ya tsaya ya shafa ta kafin ya shiga. Washegari, in ji Haisam, sai da aka ƙwanƙwasa masa don sallar Asuba, ya fito yana faɗan cewa katifar ta yi laushi da yawa, a nemo masa benci.

An nemo masa. Bayan wannan tafiya Saminu yakan je Umluj kusan duk wata, ya yi kwana biyu ko uku, in jirgin ba shi da baƙi a fita da shi. Ya sa Haisam ya koyi gasa kifi da yajin Malam Bakri, ya ba Hanan sirrin haɗin gaba ɗaya, har abin da ke bayan kimba, wanda ni ban taɓa ji ba. Goro kuwa bai daina ɗauka ba, kuma har ƙarshe in mota ta wuce iyakar Harami sai ya waiwaya. Ya rasu cikin Sha'aban na 1446, 'yan kwanaki bayan ya dawo daga wurin 'yarsa, a gidansa na Harra ta Gabas, bayan gajeriyar rashin lafiya. An yi masa sallah a Masallacin Annabi, aka binne shi a Baƙi'a. Ƙaltume ta koma Umluj wurin Hanan. Shagon yana hannun wani ɗan ƙaninsa, kuma har yau ba a buɗe murhu sai bayan La'asar.